Daga Takardar Naɗe Agashe Zuwa Littattafan da Nake Jira

Babanmu mai agashe ne a Wad Madani. Mutumin Kano zai ce tsire, kuma bai yi kuskure ba: nama ne ake yankawa falle-falle, a turbuɗe shi cikin garin ƙuli da yaji, a jera a bakin garwashi, in ya gasu a yanka masa albasa a matse lemun tsami. Mutanen Sudan sun karɓi abin daga hannun Hausawa har da sunansa, yanzu da wuya ka shiga gari bayan magariba ba ka ji ƙamshinsa ba. A gefen wannan sana'a na fara jiran littafi, ina 'yar shekara tara, ga shi na kai ashirin ban daina ba.

Baba yakan sayo tsofaffin takardu a kilo don naɗe wa mutane nama. Galibinsu jaridu ne, amma akan haɗo da yagaggun littattafai. Aikina da la'asar shi ne in zauna a tabarma in yayyaga su daidai naɗi ɗaya-ɗaya, shi kuma ya bi su da ido, don ba ya yarda ya naɗe nama da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Wata rana hannuna ya faɗa kan wasu ƙananan shafuka na Larabci, ba bango ba suna, daga shafi na 17 zuwa na 48. Labarin wani yaro ne da ya shiga gidan da aka ce ba kowa, yana tsaye a tsakar ɗaki sai ya ji ana takowa daga bene. A nan takardar ta ƙare, a tsakiyar jimla. Na zazzage buhun nan kaf a ƙasa, na bi takarda ɗaya-ɗaya har aka kira magariba, ban sami shafi na 49 ba. Na fashe da kuka.

Baba ya ce, "Ke 'yar nan, a kan takarda kike wannan kuka?" Bai ƙara cewa komai ba. Amma daga ranar, in yana tantance takardunsa kashi uku yake yi: na naɗi, na ƙonawa saboda sunan Allah, da wani ɗan tuli da yakan turo mini da bayan hannu ya ce, "Ga naki."

Kawuna ne ya gane abin da na tsinta. Ya ce ai irin littattafan aljihun nan ne na Masar da suka cika Sudan daga shekarun 1980 zuwa na 1990, masu fitowa a jere, kowanne da lambarsa. Ya ce suna samari sukan yi sawu uku a mako zuwa rumfar mai jarida a kasuwa don tambayar ko sabuwar lamba ta iso, in ta iso mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a yi ƙuri'ar wanda zai fara kwana da shi. Akwai maganar da ake yi a ƙasashen Larabawa cewa Alƙahira ke rubutawa, Beirut ta buga, Khartum ta karanta, Kawu kuwa da alfahari yake faɗinta. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin angarib ɗinsa, gadon igiyar nan namu, ya ba ni. Littafi arba'in da uku ne a ciki. Abin da ya fi kama ni ba labaran ba ne ma, shafin ƙarshe ne, inda ake rubuta sunan lamba ta gaba da layi biyu a kanta. A nan na gane ashe littafi ma yakan zo da ƙanensa a ciki.

Mu Hausawan nan ba baƙin jiya ba ne. Haboba, wato kakarmu, 'yar Mai Wurno ce, garin da ke kusa da Sinnar a bakin kogin Nilu, wanda ya ɗauki sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi da ya jagoranci jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuma hanyar Makka ce ta biyo da su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, suka yi 'ya'ya da jikoki. Da Hausa aka yi mini tawai, da ita ake mini faɗa, amma a makaranta Larabci ne zalla. Baba yana rubuta lissafin bashinsa da ajami. Ni kam har na shekara goma sha biyar ban taɓa sanin ana buga labari da harshen da Inna ke kirana da shi ba.

A 2021 wata ɗaliba 'yar Katsina da ke karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Jazira ta zo sayen agashe, ta ji Baba yana yi wa yaronsa faɗa da Hausa, ta tsaya baki buɗe. Ranar Juma'ar da ta biyo a gidanmu ta ci tuwo. Muka riƙa ce mata Yaya. Ita ta fara nuna mini labari a wayarta, da haruffan da na sani na Turanci ne, amma da ta karanta a fili sai na ji maganar gidanmu. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Yaya, don Allah sake karantawa."

Wata huɗu ta yi tana koya mini boko. Idona ya saba farawa daga dama, sai ya riƙa zamewa can. Haruffa masu lanƙwasa suka ba ni wuya, na kasa raba ƙ da k a rubuce duk da bakina yana raba su tun ina goye, har sai da ta rubuta mini "kafa" da "ƙafa" a tafin hannu ta ce in kwana da su. Ni ma na koya mata namu. In na ce arabiya ita mota ta sani, in na ce talaja ta ce firji, in na ce shanta ta ce jaka. Ta sa ni cikin wani zauren WhatsApp inda marubuta ke sakin labari shafi-shafi, wasu kyauta, wasu sai an biya. Naira ba ta zuwa hannuna, don haka ita ke biya mini, ni kuma in kai mata godogodo mai sanyi, wato abin shanmu na gero, ɗakin kwanansu.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare. Aka rufe makarantu. Aka kwashe ɗaliban Najeriya, Yaya ta tafi da jaka ɗaya, ko sallama ta kirki ba mu yi ba. Madani ta cika da mutanen Khartum, ajinmu ya koma ɗakin kwanan iyali uku. Muna ganin mu masu masaukin baƙi ne, sai ranar Juma'a 15 ga Disamba muka tashi da ƙarar manyan bindigogi daga tsallaken kogi, wajen Hantub. Kwana biyu bayan haka muka fita. Inna ta ɗaure takardun haihuwarmu a gefen mayafi, ni na ɗauki waya da littafin rubutu guda. Kwalin Kawu na tura shi can ƙuryar ƙarƙashin gado, na ce kwana nawa ne.

Tafiyar Sinnar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye mana yini a bayan babbar mota. Muka yi mako uku a Mai Wurno wajen dangin Haboba, daga nan muka tsallaka kogi muka bi ta Dindir zuwa Gadarif, gidan Goggo. Mu goma sha huɗu a ɗaki ɗaya da rakuba, rumfar kara da ke tsakar gida.

Akwai abin da gudun hijira ke ƙwace wa mutum wanda ba a faɗa a rediyo. Bakin kowa ya daina cewa "wata mai zuwa". Inna da ke tsara bikin da za a yi baɗi tun bana, ta koma "in mun kwana". Ni kaina na daina sanin ranakun mako, don ba abin da ya raba Talata da Alhamis. Autanmu kuwa, mai shekara goma sha ɗaya, wanda a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya ɗinke bakinsa tun daga abin da ya gani a hanya. Yana ci, yana salla, in an aike shi ya je, amma magana sai da kai.

A ƙarshen Janairun 2024 saƙon Yaya ya shigo daga Katsina. Ta ce, "Ƙanwata, ga irin wanda kike nema." Hoton bangon wani littafi ne da wata marubuciya 'yar Zariya za ta fara saki, ta ce don 'yan makaranta ta rubuta shi, ta kuma sa rana: Asabar ta biyu a Fabrairu. A hoton wata yarinya ce da hijabin makaranta, tsaye a ƙofar makarantar kwana, ta rungume akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A ƙasa layi uku kacal: sabuwar ɗaliba ce, ta zo a tsakiyar zango, ba ta yarda kowa ya taɓa akwatinta.

Na buɗe littafin rubutuna na ja layi goma sha biyu, kowace safiya in soke ɗaya. Rabon da in ƙirga kwana gaba tun Madani.

Saura kwana kaɗan sai layukan waya suka ɗauke a ƙasar baki ɗaya. Ba kira, ba intanet, masu karɓar kuɗi ta manhajar banki ta Bankak suka tsaya cik, mutane na hawa tudu suna ɗaga waya sama a banza. Asabar ɗin ta zo ta wuce. Na san can Zariya an saki shafin farko, dubban 'yan mata sun karanta, ni ina zaune da hoto ɗaya a waya. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, kuma na ji nauyin faɗin dalili, don a gidan akwai wadda ba ta san inda mijinta yake ba.

Da daddare 'ya'yan Goggo suka ce in nuna musu hoton. Muka zauna a rakuba, hasken wayar a rage saboda caji. Wata ta ce zinare ne a akwatin. Wani ya ce maciji take kiwo. Babbar 'yar Goggo ta ce a'a, dubi yadda ta riƙe shi a ƙirji, ba a riƙe dukiya haka, kayan mamaci ne. Aka yi ta musu, kowa na kafa hujja da abin da ke cikin hoton: tsatsar da ke jikin kwaɗon, takalmin yarinyar da ya yi mata yawa, inuwar wani mutum a bayan ƙofa da sai an ƙura ido ake gani. Washegari yaran maƙwabta suka zo. Kwana na uku har da na makarantar da ke bayanmu, inda 'yan gudun hijira ke kwana, yaran Khartum da Omdurman da ba su jin Hausa ko kalma ɗaya, ina fassara musu layi ukun nan da Larabci suna ƙara nasu. Littafin da ko harafinsa ba mu gani ba ya tara yara sama da ashirin kowane dare.

A dare na biyar ana cikin gardama, sai muka ji murya daga bayan randa: "Ba komai a ciki."

Kowa ya waiwaya. Auta ne.

Ya ce, "Ba komai a ciki. Gudu ta yi, ba ta samu ta ɗebi kaya ba. Ba ta so a sani ne."

Inna na bakin murhu, na ga ludayin ya tsaya a hannunta. Ba wanda ya yi kabbara, ba wanda ya rungume shi, tsoro muke kada mu firgita maganar ta koma. Babbar 'yar Goggo ce ta yi dabara ta ce, "To in ba komai, me ya sa kwaɗo?" Ya ba ta amsa. Ya yi ta ba da amsa har dare ya raba.

Da layi ya dawo, shafuka goma sha ɗaya suka shigo a tare. Tsohuwar rediyon mahaifinta ce a akwatin, ba wanda ya canka. Na karanta musu da Hausa, ina tsayawa ina juyawa da Larabci, har yaran Khartum suka haddace "daga nan sai" suna rigana faɗa. Auta ya saurara har ƙarshe ya ce nasa ya fi. Daga ranar kowace safiya da tambaya ɗaya yake tashina: "Yaya, an turo?"

A nan zan faɗi abin da ke raina game da littattafanmu, don ina son su ne nake faɗa. Da farko Inna ba ta yarda da karatun nan ba, tana cewa littattafan soyayya ne masu buɗe wa yarinya ido, kuma ba duka ta yi kuskure ba. Da labarin akwatin ya ƙare na nemi wani da zan karanta wa yara, na sha wuya. Goma in ka buɗa, takwas a kan aure ne, da kishiya, da attajirin da ya ga 'yar talaka a bakin titi. Akwai masu kyau ƙwarai a ciki, na kuma ƙaru da su, amma ba na ɗan shekara goma sha uku ba ne. Sau nawa ina karatu a fili in yi tsalle in wuce shafi biyu, yara su ce labarin ya yi rami. Yaro mai shekara goma sha huɗu yana da nasa tashin hankalin: jarrabawa, abokin da ya juya masa baya, bashin da ya ji ana bin babansa, tsoron da ba ya iya faɗa wa kowa. Wa zai rubuta masa wannan?

Larabawa sun ware wa wannan shekaru suna, suna cewa adabin yafi'ina, wato waɗanda suka wuce yarinta ba su kai manya ba. A baje kolin littattafai na Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ake yi kowane Nuwamba har kyauta ake bayarwa ta musamman ga littafin matasa. Mu kuwa sai mutum ya tona. Abin ya fi ba ni mamaki da Yaya ta gaya mini cewa ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo asali ne daga gasar da aka shirya a 1933, aka buga waɗanda suka yi nasara don a samar wa 'yan makaranta abin karantawa. Ashe da matasa aka fara. Ina ganin gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka soma a 2016 don mata marubuta, ta fito da alƙaluma masu kaifi. Da za a sami irinta ta labarin matasa zalla, da an ga abin mamaki.

Ranar 28 ga Disamba 2024 aka fara jarrabawar shahadar da muka jira fiye da shekara ɗaya da rabi. A Gadarif na zauna ta, na kuma ci, alhamdu lillahi. Ranar 11 ga Janairu 2025 labari ya zo cewa hanyar Madani za ta buɗe, garin ya koma hannun soja. Ba mu koma ba sai bayan ƙaramar salla.

Gidan ba ƙofa, ba taga, ba gado. Kwalin Kawu na same shi a tsakar gida a yage, an hura wuta da mafi yawan littattafan, ga tokar nan a tsakanin duwatsu uku. Sauran shafukan iska ta watsa su jikin katanga, rana ta mai da su ruwan ƙasa. Na tsaya na kasa sunkuyawa. Baba ne ya durƙusa, da gwiwarsa mai ciwo, ya bi su ɗaya-ɗaya yana kaɗe ƙura, yana dubawa kamar yadda ya saba. Ya haɗa abin da bai fi kaurin tafin hannu ba, ya miƙo mini ya ce, "Ga naki."

Yanzu ya sake hura garwashinsa a inda yake da, ciniki na dawowa a hankali. Ni kuma a bangon bayan littafin rubutun nan da na gudu da shi akwai sunayen littattafan da ba su fito ba tukuna. Marubuciyar Zariya ta yi alkawarin kashi na biyu na labarin mai akwati. Kawu, da yaƙi ya kai shi Masar, ya ce zai duba mini sababbin littattafan matasa a baje kolin Alƙahira na ƙarshen Janairu, musamman na 'yan Sudan da ke rubutu a can, don ina son in ga yadda za su ba yara labarin abin da ya same mu.

Amma wanda ke hana ni barci na wata marubuciya ce daga Damagaram. Ta sanar cewa tana rubuta labarin wani yaro mai shekara goma sha biyar da ya biyo sawun kakan kakansa, wanda ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, har tafiya ta kawo shi Sudan. Da na ga sanarwar hannuna rawa yake. Ban taɓa karanta labarin da aka ambaci irinmu a ciki ba, ko da Larabci ko da Hausa. Na yi ta maza na tura mata saƙo na ce ni 'yar can ce. Ta turo mini babi ɗaya in duba, na ga ta cika Jazira da rairayi da raƙuma. Na ce mata, "Anti, ki yi haƙuri, ƙasarmu baƙa ce mai danƙo, ruwa ke gudu a magudanai tsakanin gonaki, in damina ta sauka takalmi ma ƙwace shi take." Ta ce in ba ta duka. Na sa Haboba a gaba na ɗauki muryarta tana faɗin yadda ake tsallaka kogi a Mai Wurno, da waƙar da suke yi in ana tsinkar auduga, da yadda tsofaffi ke juya fuska yamma in an ambaci Sakkwato. Saƙon murya goma sha bakwai na tura. Ta ce yaron zai kwana biyu a gidan wani mai agashe.

Na gaya wa Baba, ya yi shiru yana juya nama, can ya ce, "Ki ce mata ba a sa tumatir."

Ta sa ranar fara saki. Na riga na ware kuɗin data na ƙulle a gefen mayafi, Yaya ta biya mana tun tuni. Auta ya ɗebo gawayi daga buhun Baba ya ja layuka a jikin katangar da babu ƙofa, kowace safiya kafin ya tafi makaranta yakan soke ɗaya. Yau da na fito shara na ƙirga, saura goma sha tara.